Da Tsohuwar Zuma Ake Magani? Tarihin Darajar Marsandi W123

A al'adar kasuwa, mota takan fara asarar kuɗinta ne tun ranar da aka fito da ita daga shagon dillali. A Jamus ta Yamma, a shekarar 1976, an ga akasin haka. A watan Janairun shekarar kamfanin Daimler-Benz ya fitar da sabuwar Marsandi wadda injiniyoyinsa suka laƙaba wa lamba W123. Masu so suka yi mata ca, har ta kai wanda ya ba da oda sai ya jira wata tara zuwa shekara guda kafin a miƙa masa makulli. Waɗanda suka riga kowa samu suka hango kasuwa. Mutum zai hau motarsa na ɗan lokaci, ya sayar wa wanda ba shi da haƙurin jira, a ɗora masa kusan mak 5,000 a kan kuɗin sabuwa. Motar hannu ta fi sabuwa tsada.

Kusan rabin ƙarni ya shuɗe, amma har yau ana cinikin wannan mota, daga garejin masu tara tsofaffin motoci a Turai zuwa bakin titin garuruwan Afirka. Ita ce hujjar da akan kawo duk lokacin da ake so a ce tsohuwar motar alfarma ba ta faɗuwa. Hujja ce mai ƙarfi, sai dai ana yawan jingina mata abin da ba ta faɗa ba. Ma'aikacin da ya tara kuɗin shekara biyar, yana tunanin zuba su a kan babbar motar Jamus mai shekara goma sha biyu a duniya, yana da buƙatar sanin ainihin abin da ya riƙe darajar W123, domin ya duba ko akwai shi a cikin wadda zai saya.

Abin da ake biya wa kuɗi

Wanda ya sayi sabuwar motar alfarma yana biyan kuɗin abu biyu a dunƙule. Na farko shi ne alfarmar kanta: a gan shi cikin samfurin da ya fito bana, wanda maƙwabcinsa bai hau ba tukuna. Na biyu shi ne aikin da ke cikin ƙarfen, wato yawan tafiyar da motar za ta iya yi kafin ta gaji. Na farkon ba ya jimawa. Ranar da kamfani ya fitar da sabon samfuri, rabin alfarmar ta tafi, kuma attajirin da ya biya dominta ba ya sayen ta hannu. Shi ya sa manyan motoci suka fi ƙanana saurin faɗuwar farashi a shekarunsu na farko. Mai saye na biyu da na uku suna gadon abin da ya rage ne kawai. Idan ƙarfen na kirki ne, kuma ana iya gyara shi da kuɗi mai sauƙi, sun yi sayen nagari. Idan kuwa yawancin kuɗin farko na alfarma ne, to sun sayi fanko, tare da ɗawainiyar da aka tsara wa aljihun mai kuɗi.

Tarihin W123 tarihi ne na motar da rabonta na biyu ya rinjayi na farko da nisa.

Rayuwa ta farko: likita, manomi da direban tasi

A ƙasarta ta haihuwa W123 ba ita ce ƙololuwar Marsandi ba. Wannan matsayi na S-Class ne. Ita motar likita ce, da lauya, da babban manomi, da kuma direban tasi. Daga 1976 zuwa farkon 1986 an ƙera kusan miliyan 2.7, adadin da babu wata Marsandi da ta taɓa kaiwa kafin ita. Fiye da rabin masu ƙofa huɗu injin dizal gare su, kuma wadda aka fi ƙerawa ita ce 240D, wadda ta haura 400,000.

Ta fuskar gudu waɗannan injina abin dariya ne. 200D ta farko ƙarfin doki 55 kacal gare ta, tana jan mota mai nauyin kusan tan ɗaya da rabi, kuma takan ɗauki kusan rabin minti kafin ta kai gudun kilomita 100 a awa. Amma wannan sanyin jiki yana daga cikin sirrin. Babban inji ne na zubin ƙarfe wanda ba a matsa masa, don haka ba ya saurin cinyewa. Famfon da ke tura masa mai na kamfanin Bosch ne, kuma da motsin ƙarfe yake aiki, babu kwamfuta a cikinsa. Sarƙa ce ke daidaita lokacin bugunsa a madadin bel na roba. Da zarar ya tashi ba ya buƙatar wutar batir domin ya ci gaba da juyawa, har ma akwai ɗan hannu a jikinsa da ake dannawa a kashe shi idan makulli ya ƙi. Kusan duk abin da zai lalace a motar ana iya kwance shi, a gyara, a mayar.

Shaidu suka taru a bainar jama'a. A 1977 Andrew Cowan ya lashe tseren Landan zuwa Sidni, tafiyar kusan kilomita 30,000, a cikin 280E. Wanda ya fi wannan tasiri shi ne tashar tasi. A kowane birni na Jamus motocin haya masu launin hauren giwa suna jere, akasarinsu Marsandi masu dizal, kuma direban tasi mutum ne da ke lissafin kowane kwabo a kan kowace kilomita. Wani direban tasi na birnin Tasalonika a Girka, Gregorios Sachinidis, ya yi tafiyar kilomita miliyan 4.6 da wata 240D ta samfurin da W123 ta gada, mai inji iri ɗaya da nata, kafin ya miƙa ta ga gidan tarihin kamfanin a 2004. Ya sauya inji sau da dama a tsawon waɗannan shekaru, kuma wannan shi ne darasin. Motar tana lalacewa kamar kowace, amma gyaranta ya fi sayen wata riba.

Matsalar ɓoyayyen aibi

Domin a fahimci dalilin da ya sa wannan shaida ta zama kuɗi, sai a koma ga wata maƙala da masanin tattalin arziki George Akerlof ya wallafa a 1970, wadda tana cikin ayyukan da suka kai shi ga kyautar Nobel a 2001. Misalinsa kasuwar motocin hannu ne. Mai sayarwa ya san ciwon motarsa, mai saye bai sani ba. Tunda mai saye ba zai iya bambance lafiyayya da mai ɓoyayyen aibi ba, sai ya taya kowace da farashin tsaka-tsaki. Mai lafiyayyar mota ya ga an yi masa tayin wulakanci, ya janye tasa. Kasuwa ta cika da marasa lafiya, farashi ya ƙara faɗuwa. Wato wani kaso na faɗuwar darajar motar hannu kuɗin tsoro ne, ba kuɗin tsufa ba.

W123 ta rage wannan tsoro ta hanyoyi uku. Yawanta ya sa an san duk cututtukanta: inda take tsatsa, abin da ke fara mutuwa, da kuɗin maganinsa. Sauƙin ƙirarta ya sa bakanike mai kunne yana iya gane lafiyar injin daga ƙararsa da launin hayaƙinsa. Sannan masu ita na farko a Jamus mutane ne masu ajiye littafin sabis, kowane canjin mai da hatiminsa da kwanan wata. Idan mai saye ya san abin da yake saye, ba ya rage kuɗin tsoro daga tayinsa.

Rayuwa ta biyu: hanyar kudu

Maƙiyin W123 a Turai tsatsa ce. Gishirin da ake barbaɗawa a titi lokacin ƙanƙara yana cin ƙasan mota, kuma dokar Jamus ta tilasta a kai kowace mota a duba lafiyarta duk shekara biyu. Motar da injinta ke da sauran kilomita dubu ɗari biyu ko uku za ta iya faɗuwa a wannan bincike saboda ruɓewar gindi, kuma kuɗin walda a Jamus ya fi ƙarfin darajarta. A can ta zama shara. A ƙasar da babu ƙanƙara, kuma ladan mai walda bai taka kara ya karya ba, dukiya ce. Wannan tazara ita ta haifi babbar fataucin tsofaffin motoci zuwa Gabas ta Tsakiya da Afirka.

A Maroko 240D ta zama motar haya tsakanin garuruwa, tana ɗaukar fasinja shida, biyu a gaba huɗu a baya. Ta yi kaka-gida har sai da gwamnati ta fito da shiri a 2014 na biyan dirhami 80,000 ga direban da ya yarda a murƙushe tasa ya sayi sabuwa. Ba kasafai ake samun motar da sai hukuma ta biya kuɗi kafin a rabu da ita ba.

A Najeriya labarin ya bi hanyar naira. A shekarun arzikin man fetur ana sayen Marsandi sabuwa fil, lokacin da naira ta fi dala ƙarfi. Gwamnatin soja ta ƙarshen shekarun 1970 ta ɗora jami'anta a kan Peugeot, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, don haka Marsandi ta zama alamar ɗan kasuwa da ɗan kwangila da basarake. Da shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya zo, naira ta faɗi zuwa wajen huɗu a kan dala ɗaya cikin 'yan watanni, ta ci gaba da gangarawa. Sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, har da babba. Sai aka koma ga waɗanda Turai ta gama da su.

Sunayen da muke kiran waɗannan motoci taswirar hanyarsu ce. Ana cewa 'yar Beljiyam domin unguwar Heyvaert da ke Brussels ta zama matattarar dillalan da ke tara motoci daga sassan Turai, a loda su a jirgin ruwa a Antwerp. Ana cewa 'yar Kwatano domin a tashar jiragen ruwan Kwatano ake sauke da yawansu, wasu da takardun wucewa zuwa Nijar, daga nan su gangaro ta kan iyaka. Yarabawa suka ce tokunbo, wato abin da ya zo daga ƙetaren teku. A nan, da yake fetur yana da araha a wancan zamani, masu shan fetur irin 200 da 230E sun samu karɓuwa sosai, daga baya magajiyarsu W124 ta biyo, wadda aka yi wa laƙabi da V-boot saboda siffar murfin bayanta.

Abin da ya riƙe farashin waɗannan motoci a nan ya wuce ƙarfen da aka zuba a Jamus. Mutane ne da kasuwanni. Kowane gari yana da bakaniken Marsandi da yaransa, waɗanda suka koyi motar da hannu. Kayan gyara na gwanjo suna shigowa kwantena-kwantena, ana samunsu a Ladipo a Legas, da Panteka a Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano. Wanda motarsa ta tsaya a hanyar Funtuwa yana da yaƙinin za ta kwana a gida. Wannan yaƙini shi ake saye, kuma shi ne dalilin da ya sa mai sayarwa ba ya rasa mai taya.

Inda zaren ya tsinke

A 1989 Toyota ta fitar da Lexus LS400 a Amurka: mota mai laushi da shiru da ƙarko, a farashin da ya gaza na kishiyoyinta na Jamus da dubban daloli. Amsar Marsandi ta farko, S-Class ta 1991 wadda 'yan Najeriya ke kira Beast, ta fito da nauyi da tsada fiye da kima. A 1993 sabon shugaban sashen motocin kamfanin, Helmut Werner, ya fito fili ya ce an wuce gona da iri wajen ƙera motocinsu, kuma idan ba a sauya ba tsada za ta fitar da su daga kasuwannin duniya. A da injiniya ne ke ƙera mota, sannan akanta ya lissafa kuɗinta. Daga wannan lokaci aka juya: a fara yanke farashin da kasuwa za ta ɗauka, injiniya ya yi aiki a cikinsa.

Matakin yana da hujjarsa ta kasuwanci, amma masu saye na biyu da na uku sun ɗanɗana kuɗarsa. Wasu samfuran farkon shekarun 1990 sun zo da wayoyin lantarki waɗanda rigarsu ke marmashewa da zafin inji. E-Class ta 1995, mai fitilu huɗu zagayayyu, ta yi ƙaurin suna wajen tsatsa. S-Class ta 1998 ta zo da jakunkunan iska a madadin sifirin na ƙarfe, daɗin hawa babu kamarsa, amma ranar da suka huce mota takan durƙusa a inda take.

Ba Marsandi kaɗai ba ce. Dokokin hayaƙi da na kare rayuka, da gasar jin daɗi, sun cika kowace babbar mota da kwamfutoci masu magana da juna. Motocin yau sun fi W123 tsaro a hatsari, sun fi ta tsimin mai, sun fi ta tsaftar hayaƙi, babu gardama a kan haka. Sai dai lissafin tsufansu daban ne. Farashin motar yana sauka kowace shekara, amma kuɗin kayan gyaranta yana nan inda yake ranar da take sabuwa. Idan aka wayi gari gyara ɗaya ya kai rabin kuɗin motar, darajarta ta zo ƙarshe ko da fentinta na sheƙi. Kuma aibin da ke cikin kwamfuta kunnen bakanike ba ya jin sa, wato kuɗin tsoron da Akerlof ya bayyana ya dawo.

Rayuwa ta uku: ƙarancin abin da ya taɓa yin yawa

Yayin da dubban ɗaruruwan W123 ke ƙarewa a bakin aiki a ƙasashen kudu, 'yan kaɗan da suka rage a Turai cikin ƙoshin lafiya suka fara tsada. A 1997 Jamus ta ƙirƙiro lambar mota ta musamman mai harafin H ga motocin da suka cika shekara 30 kuma suna nan a kan ƙirarsu ta asali. Mai irin wannan lamba yana biyan harajin bai-ɗaya na kimanin yuro 192 a shekara, kuma yana shiga tsakiyar biranen da aka hana tsofaffin motoci masu hayaƙi shiga tun daga 2008. W123 ta farko ta cancanci lambar a 2006, kuma a yau tana cikin motocin da suka fi yawa a wannan rajista. Kamfanin ma ya buɗe cibiyar kula da tsofaffin motocinsa a Fellbach tun 1993.

A wannan rayuwa ma'auni ya juye. Wadda aka fi nema ita ce wadda aka fi ƙarancin ƙerawa: mai ƙofa biyu, wadda ba ta kai 100,000 ba, da mai dogon baya, wadda ta tsaya ƙasa kaɗan da 200,000. Ana biyan kuɗin fentin asali, da ƙarancin tafiya, da cikakkun takardu. Ƙarshen wannan hanya shi ne abin da ya faru a watan Mayun 2022, lokacin da aka sayar da wata Marsandi 300 SLR ta 1955, ɗaya daga cikin biyu kacal da aka ƙera, a kan yuro miliyan 135. Wannan kasuwar kayan tarihi ce, kuma ƙofarta ƙarama ce. Motar da ta yi shekara talatin tana jigila, an sake mata fenti sau uku, an dasa mata injin wata, ba ta shiga. Wanda ya ajiye tsohuwar motar mahaifinsa a ƙarƙashin bishiya yana jiran ta zama zinariya, ya sani cewa rana da ƙura suna cin nasu rabon kowace shekara.

Lissafin mai saye

Akwai wani ruɗi da ya keɓanta da mu. Sau da yawa za ka ji mutum ya ce ya sayar da motarsa fiye da yadda ya saye ta, don haka mota kadara ce. A ɗauka wani ya sayi mota naira miliyan 7.5 a farkon 2023, lokacin da dala ke wajen naira 750 a kasuwar bayan fage. Dala 10,000 ke nan. Ya sayar da ita naira miliyan 10 a 2024, dala ta kai 1,500. Abin da ya karɓa bai kai dala 6,700 ba. A takarda ya ci ribar miliyan biyu da rabi, a zahiri ya yi asarar kashi ɗaya cikin uku, ban da abin da ya kashe a gareji. Naira ce ta fi motar saurin faɗuwa. Hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa daga Janairun 2017, da hawan kuɗin fito, sun ƙara tura farashin motocin hannu sama ba tare da ko ɗaya ta ƙara lafiya ba. Cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuwa ya yi wa manyan injina illa ta ɗaya ɓangaren, domin masu iya ciyar da su sun ragu.

Don haka tambayoyin da tarihin W123 ya bar wa mai saye ba su shafi tambarin da ke kan hancin mota ba. Guda nawa ne irinta a garinku? Kanikawa nawa ne suka san ta, kuma suna da na'urar karanta kwamfutarta? Wane abu ne mafi tsada da aka san yana mutuwa a wannan samfuri, nawa ne kuɗinsa idan aka kwatanta da kuɗin motar, kuma kwana nawa ake jira kafin ya iso? Akwai takardun da ke nuna yadda aka riƙe ta? Wa zai saye ta daga hannunka bayan shekara huɗu?

Idan aka bi waɗannan tambayoyi da gaskiya, za a ga cewa magadan W123 a kasuwanninmu na yau yawanci ba Jamusawa ba ne. Su ne Corolla da Camry da Hilux da Land Cruiser, da kuma Lexus ɗin da ta girgiza Marsandi a 1989, wadda wasu samfuranta ke amfani da inji da kayan gyara iri ɗaya da na Toyota. Suna da yawa, an san ciwonsu, kayansu na kowace kasuwa. Wanda yake son tsohuwar motar alfarma don daɗin hawanta yana da 'yancinsa, kuma daɗin na gaske ne. Abin da ya kamace shi shi ne ya ware kuɗin gyara tun ranar saye, ya rubuta su a babin kashewa, kada ya sa motar a lissafin abin da zai bar wa 'ya'yansa.